Koren tattasai mai kaurin nama: irin da ya dace da lambu da wanda sai girinhaus

Duk mai niyyar noman koren tattasai don kasuwa, in ya shiga shagon iri tambayar da ya kamata ya fara yi itace kaurin naman 'ya'yan, tun kafin ya tambayi kuɗi. Dalili kuwa shi wannan tattasan ba kamar namu na miya bane, da in kasuwa ta faɗi zaka baza shi a rana ka shanya ka ɗura a buhu ka jira yayi tsada, yadda mutanen Diffa suke yi da nasu na bakin Komadugu. Ɗanye ake sayar dashi, ɗanye ake yanka shi a firaid rais da salak da shawarma da sos ɗin ƙwai, kuma daga ranar da ka tsinke shi ya fara zubar da ruwan jikinsa kenan. Mai siririn nama kwana biyu a rumfar ɗan gwari ya yamutse yayi laushi, mai kauri kuwa zai hau mota daga Kano ko Jos ya sauka Mile 12 a Legas yana ƙyallinsa. Sannan masu otal da sufamaket a sikeli suke saye, to nauyin nan ai a naman yake, cikin tattasai ba komai sai iska da 'yan ƙwayoyin iri.

In kana so ka gane abinda nake nufi ka shiga kasuwar 'Yan Kaba a Kano ko ta Farin Gada a Jos ka ɗauko guda biyu masu girma ɗaya daga kwando daban daban, ka ɗora ɗaya a kowane tafin hannu. Zakaji ɗaya ya danne hannun, ɗayan kuma sakayau. Ka danna da babban yatsa, mai kaurin bazai lotsa ba, ka tsaga shi da wuƙa zakaji yayi ɓas ruwa ya ɗan fantsalo maka, in ka ɗora rula a bakin yankan zakaga milimita 6 zuwa 8, wasu na girinhaus, wato ɗakin leda da raga da ake noma a ciki, ma har su doshi 10. Ɗayan da ƙyar zai kai 4. Ni dai duk wanda bai kai 6 ba bana kiransa mai kauri, ko me aka rubuta a jikin gwangwanin.

Bari in fara da tsohon hannu, California Wonder, tunda shine zaka tarar a kusan kowane shagon iri kuma shine mafi araha. Iri ne da ya fito a Amurka tun 1928, ba haibirid bane, wato ba irin da kamfani ya haɗa auren iyaye biyu daban ya fitar bane, 'ya'yansa masu kusurwa uku ko huɗu ne, tsawo da faɗi kusan ɗaya wajen santimita 10, kore shar in ya nuna ya koma ja, kuma yana fara bada kore kwana 70 zuwa 75 bayan dashe. Gaskiya a zamaninsa shi ake kira mai kaurin nama kuma har yau in ya samu sanyi da taki da ruwa akan kari yana yin abin kirki, tsinkar farko da ta biyu zaka ga 'ya'ya tubarkalla. Inda nake da magana dashi shine baya riƙe wannan kyan, daga tsinka ta uku sai kaga 'ya'yan suna ƙanƙancewa naman yana sirancewa, wani ya fito a karkace wani dogo wani gajere, dillali kuma da ya zo sai ya zauna ya ware maka manya gefe ya ce sauran sai dai ka bashi a rabin kuɗi. Ganyensa ma bashi da duhu sosai, to a wajenmu wannan ba ƙaramar matsala bace.

Yolo Wonder shine ɗan uwansa, daga jikin California Wonder ɗin aka gyaro shi aka fitar a 1952, sunan ma na wani yanki ne a Kalifoniya. In mutum ya ce min gida kawai zan shuka a bayan ɗaki ko 'yan fangali kaɗan a lambu kuma bani da kuɗin haibirid, wannan nake ce masa ya ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba. Bishiyar gajera ce mai cunkoson ganye, 'ya'yan suna ɓuya a ƙarƙashi, kuma yana jure cutar mozayik ta taba wadda ake rubutawa TMV. Kaurin namansa yakan ɗan fi na California Wonder a idona, bambancin dai ba mai yawa bane, ganyen nan ne ya sa na fifita shi.

Don wlh zafin rana na ƙarshen Fabrairu zuwa Maris bashi da wasa da koren tattasai. Ka duba gefen da yake kallon yamma, zakaga wani tabo fari fat ya fito a kafaɗar ɗan, da farko yayi laushi kamar an zuba masa tafasasshen ruwa, bayan kwana biyu ya bushe ya zama takarda, daga nan baƙin funfuna ya hau kai. Wannan ba cuta bace balle kace zaka yi feshi, ƙunar rana ce kawai, kuma abin haushin manyan 'ya'yan nan masu nauyi da suka karyo reshe suka leƙo waje su take fara kamawa. Shi yasa duk irin da zan yaba na fili sai na fara kallon ganyensa, sannan a kafa masa 'yan sanduna a ɗaure da igiya kada nauyi ya buɗe bishiyar.

Amfanin waɗannan biyun da ba'a raina shi shine zaka iya cire iri da kanka. Ka bar 'ya'ya masu kyau a jikin lafiyayyar bishiya su yi ja zir, ka fasa ka shanya ƙwayoyin a inuwa, baɗi ka samu abinda ka shuka bana. Sai dai akwai sharaɗi, in akwai tattasan miya ko shambo kusa da fangalin, ƙudan zuma zasu haɗa su aure tunda dangi ɗaya ne, 'ya'yan bana lafiya lau zasu fito ba yaji, amma irin da ka cire daga cikinsu in ka shuka baɗi sai kaga siffa ta canza nama ya sirance har da ɗan yaji yaji. Mutane da yawa da suke cewa irinsu ya gaji, wannan ne ya same su. Haka masu sayen jan tattasai ko rawaya a sufamaket su kwashe ƙwayoyin su reno, zai tsiro kam, amma ɗan haibirid ne, jikokin kowa kamarsa daban, ba zaka samu abinda ka gani a shagon ba. Shi kuma kore ƙwayoyinsa basu ma ƙosa ba.

To yanzu wanda zai noma don kuɗi a fili, noman rani irin na Kadawa da Kura da Garun Malam ko fadamun Zariya da Hunƙuyi, gaskiya haibirid ya kamata ya nema, wato masu F1 a gaban sunan. Wanda na fi natsuwa dashi a wannan layin shine Indra na kamfanin Syngenta. A Indiya ya yi suna sosai kuma manoman Kenya ma suna shuka shi, bishiyar tana tashi da ƙarfi da ganye mai duhu, 'ya'yan kore ne mai duhu da sheƙi, kusurwa uku zuwa huɗu, nauyin guda ɗaya yakan kai wajen giram 150 zuwa 170 in an kula dashi, namansa kuma ya amsa sunan mai kauri. Abinda ya fi burge ni dashi shine in ka juye kiret ɗaya a ƙasa zakaga kusan duk kansu ɗaya, dillali bashi da abin warewa, kuma yana jure tafiya. Akwai Aristotle na Seminis, shima na fili ne mai nauyi da kauri, an gina shi da juriyar cutar ɗigon ganye ta bakteriya, don haka wanda yake son ya gwada na damina ko yake wajen da raɓa da ruwan sama suka yi yawa kamar Filato da kudancin Kaduna, in ya same shi ya duba shi da kyau, ba kowane shago ne yake kawo shi ba. Sai kayan Technisem na Faransa da suka cika shagunan Afirka ta Yamma, musamman 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi sabawa dasu, suna da Goliath da Nobili da Simbad, su kuma abinda ya sa nake ganin girmansu shine don ƙasashe masu zafi ake zaɓo su tun asali. Goliath ɗin yana bada manyan 'ya'ya masu cika ido a kwando.

Kuɗi fa akwai bambanci, kada in ɓoye muku. California Wonder da Yolo Wonder a gwangwani ake sayarwa da giram, haibirid kuma a ɗan fakiti, wani lokaci ma da ƙirgen ƙwaya, kuma abinda zaka biya a ɗan fakitin zai iya saya maka gwangwani guda da canji. Amma ka yi lissafi da kyau, giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 120 zuwa 150, kadada ɗaya tana cin tsiro wajen dubu 29 zuwa 42 in ka bada tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakanin tsiro da 60 zuwa 70 tsakanin layi, kaga giram 200 zuwa 350 ya isheka matuƙar ba watsawa zakayi a gado ba. Irin tsada ba'a watsa shi, a tire ake renonsa ƙwaya ɗaya rami ɗaya, ƙarƙashin raga, sati biyar zuwa shida ya yi ganye huɗu zuwa shida a dashe da yamma. Ma'aikatan kamfanin iri na East-West Seed sun daɗe suna koya wa manoman Kaduna da Kano wannan renon na tire kuma wanda ya gwada baya komawa watsi. In ka haɗa kuɗin fetur na injin ban ruwa da taki da magani da 'yan ƙwadago zakaga kuɗin iri shine ƙarami a ciki, to akan me zaka kashe duk wannan akan irin da rabin 'ya'yansa zasu tafi a rabin kuɗi?

Na girinhaus kuma wata duniya ce daban. Su waɗannan ba'a yi su don su tsaya da ƙafarsu ba, bishiyar bata daina tsawo, igiya ake ɗaura mata tana hawa har ta wuce kan mutum, tana bada 'ya'ya wata shida zuwa takwas ko fiye in lafiya ta samu. Sanannu a ciki akwai Inspiration mai komawa ja da Bachata mai komawa rawaya, duka na Rijk Zwaan ne na ƙasar Holan, sai Commandant ja da Admiral rawaya na Syngenta waɗanda masu girinhaus a Kenya suka sani sosai. Ta fannin kaurin nama babu wani na fili da zai kama ƙafarsu, ɗa ɗaya ya kai giram 200 har ya wuce ba abin mamaki bane, fatar sumul, launi ya kama ko'ina. Inspiration da Bachata sun fi zama murabba'i, irin siffar da sufamaket ɗin Abuja da Legas suke so su jera a tire su naɗe da leda ja ɗaya rawaya ɗaya kore ɗaya, Commandant kuma yakan ɗan fi tsawo. Akwai ma nau'in da ake kira Lamuyo, dogaye masu faɗin kafaɗa da nauyi, masu girki a otal basa ƙinsu tunda yankawa zasu yi, amma in don jerawa a kanti ne murabba'in ya fi tafiya. Ka tambayi wanda zai saya kafin ka sayi iri, wannan tambayar ta minti biyar ce.

Abinda yake ci min rai shine yadda ake ruɗar sabbin manoma da hoton fakiti. Mutum ya ga jan tattasai ƙato a hoto ya kwashi kuɗi ya sayi irin girinhaus ya kai shi fili a watan Janairu, iskar hunturu ta kakkarya rassan don basu da ƙwari, farin ƙuda da darɓa su sauka, kafin ɗan ya juya daga kore zuwa ja rana ta ƙone shi, sai ya dawo yana cewa irin ne ba kyau. Irin lafiyarsa ƙalau, wajen ne ba nasa ba. Haka kuma wanda ya kashe miliyoyi ya kafa girinhaus sannan ya zo ya cika shi da California Wonder wai yana tsimin kuɗin iri, wannan ya fi bani tausayi, don bishiyar zata tsaya iya gwiwa ko ƙugu ta bada abinda zata bayar cikin 'yan makonni ta gama, duk sararin saman nan da ya biya kuɗin ƙarfe da leda akansa ya tashi a banza.

Kuma dan Allah masu shirin kafa girinhaus a Kano da Jigawa da Sakkwato da Katsina ku yi tunanin zafi tun kafin a kafa ƙarfen farko. Tattasai mai zaƙi yafi jin daɗi in rana tana tsakanin digiri 21 zuwa 28 dare kuma 16 zuwa 20, da zarar ya haura 32 zuwa 35 fure ya fara zubewa, wanda ya samu ya ɗaure ma ɗan ƙarami zai fito da siririn nama ko da irin Holan ne. Mu kuma a Afrilu waje kansa yana kai 40, to ina ga cikin ɗakin leda mai gajeren rufi. Sai rufi ya yi tsawo, a bar mafitar iska a ƙololuwa, gefe duka raga mai ƙananan ido, a ɗora ragar inuwa in bazara ta shigo. A Jos da kewaye Allah ya hutar dasu, tudun ya haura mita 1,200 saboda haka yanayin yana musu aiki kyauta, shi yasa mafi yawan masu launi da ake gani a kasuwa daga can suke gangarowa. Su nasu ciwon kan sanyin dare ne na Disamba da Janairu, in ya sauka ƙasa da digiri 15 ya daɗe garin fure baya aiki sosai, sai kaga 'ya'ya sun fito a taushe kamar an zauna akansu, ka fasa ba ƙwaya a ciki ko 'yan kaɗan, kuma a tattasai yawan ƙwayar ciki yana tafiya da girman ɗan. Mu ma nan ƙasa in hunturu ya tsananta akan ga hakan jefi jefi.

Aikin da yake fitar da kaurin nan a girinhaus hannu ne. Tsiron yana tashi da kara ɗaya, in ya kai wajen ganye takwas zuwa goma sai ya rabu biyu, a daidai tsakiyar rabuwar zakaga ɗan fure guda ɗaya ya leƙo, to wannan furen cire shi ake yi da farce tun yana ƙulli. Nasan da zafi, shine furen farko da mutum ya ƙosa ya gani, amma in ka barshi ɗan zai maƙale tsakanin rassan ya fito a murɗe kuma ya shanye ƙarfin da bishiyar zata yi saiwa da ganye dashi. Daga nan ka zaɓi rassa biyu masu ƙarfi kowanne da igiyarsa, duk gaɓar da ya sake rabuwa ka bar mai ƙarfin ya ci gaba, mai raunin ka datse shi bayan ganye ɗaya. Tsiro biyu zuwa uku a kowace murabba'in mita ya isa. Wanda ya bar bishiya ta ɗauki duk abinda ta ga dama zai ga 'ya'ya rututu amma ba nauyi, daga baya kuma ta yi shiru sati biyu uku ba fure. Masu matsalar tsutsar saiwa ko cutar da take sa tsiro ya yanƙwane rana tsaka yana kore, gara su koma shuka a jakar leda da kokofit, wato dusar ɓawon kwakwa, ko ƙonannen ɓuntun shinkafa, wanda yake a Kura da Hadeja ai ɓuntu ba abin nema bane.

Maganar launi, har yanzu akwai masu tambayata irin kore daban irin ja daban. Kore ɗanye ne kawai, in ka barshi zai koma ja ko rawaya ko ruwan lemo gwargwadon irin. Sai dai jiran nan yana cin ƙarin sati uku zuwa huɗu a jikin bishiya, a cikinsu ne tsutsa da ruɓa da ƙunar rana suke samun dama, kuma bishiyar da take ɗauke da 'ya'ya masu nuna tana rage sabon fure. Shi yasa mai launi ya fi tsada nesa ba kusa ba, shi yasa kuma ban cika ba mai fili shawarar ya jira ja ba, ya tsinke korensa ya karɓi kuɗinsa. Amma kore ma akwai lokacinsa, kada ganin girma ya ruɗe ka, ɗa yakan gama girma kafin ya gama kauri. In fatar tana da haske haske kuma ka matsa kaji tana bada kai, barshi ya ƙara kwana biyar ko sati, sai ya yi duhu ya yi tauri yana sheƙi. Da yawa masu kukan iri bashi da kauri saurin tsinka ne ya cuce su saboda sun ji kasuwa ta tashi. A yanke da almakashi ko wuƙa da ɗan guntun hannunsa, fizga tana karya reshe.

Ruwa da taki su ne ragowar rabin aikin. Ban ruwan da za'a cika fangali yau a bar shi ya bushe ƙaƙas kwana biyar sannan a sake cikawa, shi yake kawo baƙin tabon nan a gindin ɗan, wanda mutane suke ɗauka cuta ce suna ta feshi, alhali sinadarin kalsiyam ne bai isa wajen ba saboda ruwan ba ya tafiya daidai, kuma manyan iri masu kauri sun fi kamuwa. Kaɗan kaɗan akai akai yafi, wanda yake da halin sa tiyon ɗigo ya sa, wanda bashi da hali ya rufe gindin da ciyawa ko ɓuntu. Yuriya kuma a bi ta a hankali, in ta yi yawa ganye zakayi ta gani ba 'ya'ya. Da an fara ɗaure 'ya'ya a karkata ga taki mai fotash da kalsiyam naitiret, fotash ɗin nan shi yake cika nama. Kashin kaji yana da kyau amma wanda ya ruɓe ya huce.

Ku riƙa juya bayan fakiti kuna karantawa, ƙananan haruffan nan ba ado bane. HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR matsakaiciya. Tm da lambobi a gabansa na cututtukan mozayik ne masu bin hannu da almakashi, wannan yana da muhimmanci a girinhaus inda kullum ana taɓa tsiro, PVY darɓa ce take yaɗa shi, TSWV kuma ƙwarin nan ne sirara da suke ɓuya cikin fure, tirips, in ka kaɗa fure a farar takarda zaka gansu suna gudu. Xcv shine ɗigon ganye na damina. Babu irin da ya haɗa duka, kuma akwai cutar bairos ta jijiyar ganye da ta daɗe tana damun barkono da tattasai a Afirka ta Yamma wadda yawancin fakitin Turai basa ma ambatonta, saboda haka juriya a takarda bata ɗauke maka sa raga a wajen reno, da rataya katin gam rawaya da shuɗi mai kama ƙwari, da tuge duk tsiron da ganyensa ya murtuke ya yi dabbare dabbare tun kafin ya shafa wa na kusa. Mai shan taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tsiro, ba wasa nake ba.

Sai shagon da zaka saya. Wani maƙwabcina a lambu ya taɓa sayen haibirid da aka ƙulla masa a farar leda wai an buɗe babban gwangwani ne ana rabawa don sauƙi, abinda ya fito rabi dogaye ne sirara irin na miya, ga lokaci ya riga ya wuce ba halin sake reno, haka ya yi asarar rani guda. Kada ka karɓi irin da ba a rufe yake daga kamfani ba, ka duba lambar rukuni da ranar da aka gwada tsirowarsa da ranar ƙarewa, in ka ga an liƙa wata takarda akan kwanan watan ka ajiye musu kayansu. Shagon da yake jera fakiti a tebur a rana ma ka wuce, ƙwayar tattasai bata da juriyar zafi irin ta tumatir, tana mutuwa a cikin fakitin ba tare da ka sani ba. Mai shagon kirki zai tambaye ka fili ne ko girinhaus, wane wata zaka dasa, wa zaka sayar wa, in bai tambayi ko ɗaya ba ya miƙo maka mafi tsada to ka san ciniki kawai yake.

Maganar lokaci kuma, ga mai noman rani a ƙasar Kano da makamantanta, a yi reno daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba a dashe a Nuwamba, don fure da ɗaurin 'ya'ya su faɗo cikin sanyi a kwashi mafi yawa kafin zafin Maris. Da ka kawo fakitin gida ka ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka sa a leda ka ajiye a ɗaki inda ba rana, kana leƙawa kana yayyafa ruwa, tattasai yana da nawar tsiro saboda haka ka bashi kwana 10 zuwa 14. In 17 ko 18 suka fasa ka ci gaba da cika tire, in kuwa basu fi 10 ba ka koma shagon da fakitin da rasit tun da sauran lokacin sake reno. Wanda bai taɓa shuka wani iri ba kuma kada ya cika gona dashi a shekarar farko, ya sa layi biyu ko uku kusa da wanda ya saba, ruwa ɗaya taki ɗaya, ranar tsinka ya zuba kowanne a kiret ɗinsa ya ɗora a sikeli, ya tsaga uku uku ya auna naman, sannan ya ajiye biyar daga kowanne a inuwa ya ga wanda zai fara yamutsewa.